Inda Baba Ya Danna Farce

Kafin in fara sai in nemi afuwa. Shekaru sun ja, kuma na lura tunanina ya zama kamar zanen da aka daɗe ana wankewa, launin yana nan amma furannin sun fara shiga juna. Akwai abin da nake gani sarai, akwai kuma wanda ban sani ba ko da idona na gan shi ko labarinsa na sha ji har na mai da shi nawa. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda nake shakka zan faɗa, kuma shakkar tana da yawa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne maganar da na ji ranar sunan jikata, 'yar Ummi. Ɗan'uwanku Sadiƙ yana gaya wa baƙi cewa ni ce na koya wa kakarku Inna karatu da girmanta, kowa yana sa albarka, ni kuma na yi murmushi na sunkuyar da kai. Kun tashi kuna jin haka, ban taɓa gyara muku ba, domin labarin yana yi mini daɗi. To ba haka aka yi ba. Ina ganin ya kamata ku ji daga bakina tun ina da sauran hankalin faɗa.

A lokacin muna zaune a Unguwar Kanawa, gidan haya, iyali huɗu a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Baba direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, Bakatsine, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi amma bai yi boko ba, bai kuma taɓa nuna ya yi rashi ba. Inna sana'arta surfani. Tana yi wa rigunan filo da zannuwan gado ado da zare, irin waɗanda ake jera wa amare a ɗaki, da furanni da tsuntsaye da rubutu a tsakiya: BARKA DA HUTAWA, ASUBA TA GARI, ko sunan amarya. Ba ita kaɗai take yi ba. Akwai mangwaro a tsakar gidan, kuma da an yi la'asar mata uku suke shimfiɗa tabarma a gindinsa. Akwai Maman Rahila, matar wani ma'aikacin asibiti daga kudancin jihar, wadda ta koyi karatun Hausa a coci, ita ce mai fensir, ita take zana kalmomin a kan yadi. Akwai Gwaggo Ladi, Bazamfariya, mijinta yana jan babbar mota da albasa zuwa Legas, ba ta da aiki sai tsokana. Sai Inna, wadda hannunta ya fi na kowa kyau kuma bakinta ya fi na kowa nauyi. Idan na rufe ido har yanzu ina ganin wurin. Rana ta karkata, haske yana zubowa ta tsakanin ganye yana yawo a kan farin yadi, an ɗaure yadin a bakin gwangwanin madara da roba don ya miƙe, zare ja da kore da ruwan ƙwai suna rataye a wuyan Inna. Daga can bariki ana jiyo begila sama-sama. Suna nan har jemagu su fara ratsa sama, ayari-ayari, ba su da iyaka, sannan a naɗe tabarma.

Inna da Gwaggo Ladi ba su san sunan harafi ko ɗaya ba, amma sun raɗa wa kowanne suna don aiki ya yi sauri. A bukka ce. H tsani. I taɓarya. U ƙwarya. O faifai. D tulu. B kuwa Gwaggo Ladi ta sa mata suna mai ciki da goyo, kuma duk ranar da ta fito a sunan amarya sai ta ce wannan yarinya da rabonta ta zo. Sai ka ji Inna tana cewa a miƙo mata jan zare, saura taɓarya da ƙwarya ta gama. Shekara goma sha wani abu tana ɗinka kalmomi a haka, kamar mai zuba ruwa a tulun da ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Ko kuwa ni ce nake zaton ba ta leƙa ba.

Yanzu sai in kawo kawunku, Yaya Habibu. Shi ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu har kuna ɗora hotonsu a waya, don haka sai na yi muku bayani. A wurin Inna ɗan fari abin kunya ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta zuba masa abinci da hannunta idan da wanda zai gani. Idan dole ta ambace shi sai ta ce wancan, ko yaron nan. Idan wani mai suna irin nasa ya shigo gidan sai ta ce mai sunan wancan ya zo. Ni na tashi ina zaton ba ta damu da shi ba, Allah ya yafe mini.

Baba ya yi wata da watanni yana bin maigidansa a ofis har ya samo wa Yaya aikin akawu. Yaya ya yi wata biyu ya ajiye, ya ce shi inji yake so, ba teburi ba. Aka yi magana mai zafi a zaure. Baba ya ce an zubar masa da mutunci a gaban wanda yake buɗe wa ƙofar mota kullum, ya ce wanda ya fi ƙarfin gidan ya nemi wani. Yaya ya ɗauki jakarsa ya tafi Legas, ya kama koyon gyaran injin jirgin ruwa. Ranar da ya tafi Inna tana gindin mangwaro, ba ta ɗago ba. Na tuna tana ɗinka wani tsuntsu, kuma daga baya ta warware shi gaba ɗaya ta ce zaren bai zauna ba.

Wasiƙunsa suna zuwa ta akwatin ofishin Baba, kamar duk wata biyu. Ni nake karantawa, tun ina zuwa hutu daga jami'a har na gama bautar ƙasa na dawo gida zaman jiran aiki. Tsarin gidanmu shi ne a fara karanta wa maigida shi kaɗai a zaure, sannan a shiga ciki a karanta wa kowa. Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin. Mai karanta wasiƙa a gida kamar mai kai saƙon rasuwa ne, ana sa ran ya san abin da zai tausasa da abin da zai ajiye sai an ci abinci. Yaya yana rubuta wasiƙarsa da rubutun gudu, gaisuwa ga Baba, labarin aiki, labarin ruwan Legas. Amma a ƙasan kowace takarda sai ya canza hannu ya yi layi uku ko huɗu da manyan haruffa, a rarrabe, irin na rigar filo. Yana yaro shi yake taya Maman Rahila zana su. A wasiƙar farko abin da ya rubuta shi ne: INNA KI YAFE MINI. IDAN KIN CE IN DAWO ZAN DAWO KO BABA ZAI KORE NI.

Na karanta wa Baba wurin. Sannan ya ce in nuna masa inda maganar ta fara a takardar. Na nuna. Ya sa farcen babban yatsansa ya danna har ya yi shaida.

"Daga nan zuwa ƙasa ba na cikin gida ba ne, Saude. Namiji ba ya laɓewa a bayan zanen uwarsa. In yana son dawowa ya san ƙofar da ya fita."

Na ce to. Haka muka yi wasiƙa bayan wasiƙa. In shiga tsakar gida in karanta gaisuwa da labarin ruwa, in zo kan shaidar farce in ce wassalam. Inna tana ɗinki, ba ta ɗagowa, ba ta cewa komai, domin ba zai yiwu ta tambayi ko wancan ya ambace ta ba. Idan na gama sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce in kawo ta adana kada yara su yi wasa da ita. Tana ajiye su a cikin wata langa a can saman jere. Amsa kuma ni nake rubutawa, Baba yana faɗa, layi biyar ba ƙari.

A farkon daminar shekarar da nake zaman jiran aiki, wata safiya ina tsince shinkafa, Inna ta ce, kamar da wani take, wai mutum ya yi shekaru yana ɗinka abu bai san me yake cewa ba, wata rana sai a ba shi zagi ya ɗinka wa amarya. Na gane abin da take nema. Nan take langar nan na tuna.

Nan ne wurin da nake so ku karanta a hankali. Ban ƙi ba. Na ce to Inna, sai dai a bi tsari. Digirina a fannin koyarwa ne, kuma ina da yaƙinin cewa akwai hanyar da ta dace. Na sayo allo da alli. Na ce ba za a fara da manyan haruffa ba, da ƙanana ake farawa. Na ce sunayen nan na bukka da tsani za su rikita ta, ta manta da su. Na ce ba za a taɓa kalma ba sai an gama wasula, sannan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya zauna. Na sa mata lokaci da hantsi, a cikin ɗaki, ita a tabarma ni a kujera. Duk abin da na faɗa akwai shi a littattafan da na karanta, ko aƙalla akwai mai kama da shi. Na sha tambayar kaina ko da gangan na zaɓi hanya mafi nisa. Wata rana in ce a'a, abin da aka koya mini ke nan. Wata rana in ce ƙarya kike, Saude, kin san manyan haruffa ne a ƙasan takardun. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Abin da na tabbata kawai shi ne, da ta gaji bayan mako uku ta ce allin yana sa mata kaikayin hannu, na ji sanyi a raina. Uwa ce zaune a ƙasa 'yarta tana ce mata sake, ba daidai ba ne. Ba ta ƙara zancen ba, ni ma ban tayar ba. Gwaggo Ladi ta ga allon jingine a bayan ƙofa ta yi dariya.

"Ke ɗiyar ga, shekara huɗu kina jami'a, abin da kika koyo shi ne ki hana bukka zama bukka?"

Daminar ta yi nisa. Ni ina fita kusan kullum, daga wannan ofis zuwa wancan da takarduna a cikin leda, in dawo da yamma ƙafata duk jar laka. Ina shigowa in same su a gindin mangwaro, ko a barandar Maman Rahila idan ana yayyafi, ƙamshin ƙasa da na dafaffiyar masara ya cika gidan. Na lura hirarsu ta canza amma ban ba abin muhimmanci ba. Sai in ji Maman Rahila tana cewa, tulu da bukka in sun haɗu, "da" suke cewa. Gwaggo Ladi ta ce ashe shi ya sa suke gaba a sunan Dahara. Inna tana jan zare, leɓenta yana motsi. Wata rana na ji suna gardama a kan gwangwanin madarar da suke ɗaure yadi, wata rana a kan rubutun bayan motar mijin Gwaggo Ladi. Suna yi suna dariya, ba mai cewa sake, wadda ta kuskure ita take fara yi wa kanta dariya. Na ɗauka wasa ne na rage lokaci. Har na ce a raina, ba tsari, ba za su je ko'ina ba.

Wasiƙar ƙarshe ta zo ana saura kamar wata guda Babbar Sallah. A saman takardar Yaya ya ce ya sami aiki a wani jirgi da zai tafi Gabon, kuma ba a san ranar dawowa ba. A ƙasa, da manyan haruffa, ya rubuta cewa jirgin zai tashi bayan Sallah, idan ya ji daga Inna kafin nan zai fasa, idan bai ji ba ya san amsar ke nan. Na karanta wa Baba. Wannan karon ya ce har labarin jirgin ma a bar shi, ya danna farce tun daga tsakiyar takarda. Na shiga ciki na karanta layi huɗu na ce wassalam. Inna ta miƙo hannu.

Bayan kamar mako uku Maman Rahila ta tare ni a bakin famfo da safe, ta rage murya. Ta ce tun farkon damina Inna take kawo mata kalmomi a kan ƙyalle, ɗaya-ɗaya, ta zana su da gawayi, ta ce wai wata mai oda ce ta kawo, me wannan ya ce. Ba ta yarda a faɗa mata kawai, sai an rarraba mata gaɓa-gaɓa. Tana cakuɗa su da wasu kalmomin don kada a gane. Ta ce makon farko YAFE ta kawo. Bayan kwana goma ta kawo KORE. Sannan DAWO, wadda ta kawo har sau uku kamar ba ta yarda da abin da ta ji ba. Ta ce ita da Gwaggo Ladi sun daɗe da ganewa, ba su nuna ba, sai dai su jawo hira ta bi ta kan haruffan da take bukata.

"Jiya JIRGIN ta kawo mini. Ni ban ga takardar ba, Malama, ke kika gani. In akwai abin da yake da rana a ciki, uwarki tana tafiya a hankali."

Na ce mata na ji. Na ɗauki bokitina na shiga ɗaki.

Kwana goma sha biyu na yi ban faɗa wa Inna ba. Na ƙirga su sau da yawa tun daga lokacin. Kullum in tashi da niyyar yau zan faɗa, sai in sami dalili. Yau Baba ba ya jin daɗi. Yau akwai baƙi. Gobe zan fara yi wa Baba magana tukuna, kada in tsallake shi. Na je bakin zaure sau biyu na dawo. Ina tsoron fushinsa, amma ina jin abin da na fi tsoro shi ne idon Inna idan ta gane shekara biyu ina cewa wassalam a inda ba nan maganar ta ƙare ba. Na ce wa kaina ai bayan Sallah ba rana ɗaya ba ce, jirage suna jinkiri. Aka yi Sallah, aka soya nama, ina ta jiran lokacin da ya dace.

Kwana uku bayan Sallah, ranar ba aiki, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyara rediyo. An yi ruwa da rana ya ɗauke, ganyen mangwaro yana ɗiga a hankali, hasken yamma ya yi ruwan zuma. Inna ta shiga ɗaki ta fito da takardar a hannunta. Ta zauna a tabarma tsakanin ƙawayenta, ta shimfiɗa ta a cinya, ta sa tsinin allura a ƙarƙashin layin farko na manyan haruffa. Ta fara karantawa a fili, gaɓa-gaɓa, da wata murya da ban san ta da ita ba, siririya kamar ta mai magana cikin barci.

"In-na. Jir-gin. Zai. Ta-shi."

Ta tsaya. Allurar ta koma baya ta sake gaba. Baba ya ajiye rediyon. Sai ta miƙo mini takardar, ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba karɓa.

"Idona ya gaji. Ƙarasa daga inda aka danna."

Na dubi Baba. Bai ce karanta ba, bai ce kada ki karanta ba. Ina so in ce muku ƙarfin hali na yi, amma gaskiya ba ni da sauran wurin ɓuya ne. Na karanta tun daga shaidar farce har ƙasa. Sannan, ban san me ya tura ni ba, na ce akwai irin wannan a sauran takardun duka. Inna ta ce ta sani, ta karanta su. Wannan ce kawai ta yi mata tsawo. Baba ya tashi ya sa takalmi ya fita masallaci, alhali da sauran lokaci kafin magariba.

Na ce bari in rubuta amsa yanzu a kai gidan waya da safe. Inna ta ce a'a. Ta ce shekara biyu hannuna yake gani yana ce masa layi biyar, ba zai yarda daga ita ba ne. Mijin Gwaggo Ladi zai tashi da lodi jibi. Washegari tun da hantsi ta yanki farin yadi na rigar filo ta ɗaure a bakin gwangwani. Maman Rahila ta miƙo hannu za ta zana mata, Inna ta karɓi fensirin ta zana da kanta. Na tsaya daga nesa ina kallo. Tsani, bukka, mai ciki da goyo, taɓarya, mai ciki da goyo, ƙwarya. A ƙasa ta sa DAWO. Ba fure, ba tsuntsu. Ta wuni a kai, ba ta tashi ba sai don salla. Da ta tsinke zaren ƙarshe da haƙori, Gwaggo Ladi ta leƙa, ta ga sunan da shekara ashirin da bakwai ba a taɓa ji a bakin Inna ba. Idonta ya kawo ruwa, amma halinta bai bar ta ba.

"To malama, karanta muna mu ji. Mi an nan na sama?"

Inna ta ninke yadin gida huɗu.

"Ni ban faɗa ba. Allura ce."

Baba ya ga ƙunshin a hannun mijin Gwaggo Ladi a ƙofar gida. Bai tambaya ba. Na tabbata ya san ko mene ne.

Motar ta yi kusan mako a hanya kafin ta isa Legas, direban ya nemi gidan har ya samu. Aka ce masa Habibu ya tafi da kwana tara. Ya bar ƙunshin a wurin mai gidan hayar, shi kuma ya ba wani mai zuwa can, wancan ya ba wani. Kusan shekara biyu yana yawo daga hannu zuwa hannu kafin ya isa. Yaya ya ce ranar da ya buɗe shi a bakin teku ya zauna a ƙasa yana ta maimaita karanta shi. Amma a lokacin ya riga ya sa hannu a kwantiragi, ga nisa, ga takardun tafiya da suka riƙe shi. Sai da ya shekara shida da tafiya ya taka Unguwar Kanawa. Ya tarar da Inna. Baba ya rasu da wata bakwai.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya daina ba ni wasiƙa in karanta masa, ko ta ofis ce sai ya kai wa wani, kuma kusan shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya na gani da zan so ku sani game da kakanku. A ciwonsa na ƙarshe, wata yamma na kawo masa kunu, na tsaya a bakin labule domin na ji muryar Inna. Ta sauko da langar. Tana karanta masa ƙasan takardun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, shi kuma yana kwance ido rufe, babban yatsansa yana shafa gefen takardar da ta gama. Ya riga ya ji su duka daga bakina. Ban san me ya sa ya so ya sake ji daga nata ba, ban kuma shiga ba. Na koma da kunun ya huce.

Na yi shekara talatin ina aikin ilimin manya bayan haka. Duk ajin da na shiga, abin da nake fara tambaya shi ne me kowace take so ta karanta, kuma wa take jin daɗin yin kuskure a gabanta. Ana yaba mini a kan haka. Yanzu kun san inda na samo shi, da abin da aka biya kafin in samu.

Ga roƙona. Kawunku yana nan Badarawa, rigar filon tana cikin akwatinsa. Shi ya ce zaren kore ne, ni shuɗi nake gani, kuma na kasa cewa ya fito da ita mu duba. Gwaggo Ladi ta rasu. Su Maman Rahila sun koma hayin kogi tun da daɗewa, na ji an ce Rahila tana koyarwa a can. Idan wannan ya isa hannunta, ko hannun wani da ya zauna a gidan nan mai mangwaro, ina roƙo ya aiko mini da gyara a duk inda na kauce. Musamman a kan kwanakin. Ni na riƙe goma sha biyu da na yi shiru, da tara da aka ce wa direba. In haka ne, da na yi magana a bakin famfo, da ƙunshin ya same shi da kwana uku a hannu, da wataƙila ya durƙusa a gaban Baba. Mai yiwuwa na ƙara wa kaina kwanaki, mai yiwuwa kuma na rage. Wanda ya san daidai ya faɗa mini yadda yake, kada ya danna farce a ko'ina don ya tausaya mini.